Ranar da Baba Ya Tsoma Hannu a Tafkin Verna

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Fabrairu, da hantsi, Allah ya yi wa ƙanwata Verna Keeping rasuwa a gidanta da ke Port Garland, tana da shekara saba'in da biyu. A kan kujerarta ta bakin taga aka same ta, shayinta ko hucewa bai gama yi ba. Likita ya ce zuciya ce, kuma bai ga alamar ta sha wuya ba. Ni Drusilla, yayarta, ni nake faɗa, 'yata Maxine tana rubutawa, don ni ban yi makaranta ba, ido ma yanzu ya yi rauni. Na ce mata ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki.

Verna, kin riga ni, abin da ban taɓa kawowa a raina ba. Kina shekara biyu Inna ta rasu wajen haihuwar Ambrose, ni ina sha huɗu, aka bar mini ku. Ni na yi miki wanka, ni na taje miki kai, ni na zane ki ranar da kika zuba maɗi a takalmin Fasto. Na ɗauka ke za ki tsaya a kaina. To, Allah bai yi haka ba, kuma ba zan yi ƙorafi ba. Kin ci, kin sha, kin yi dariya har haƙoranki na baya sun fito, kin ga jikokinki. Mutuwa irin taki kowa yana roƙon ta.

'Yan jarida sun zo shekaranjiya suna tambayar lambobinki na gasa. Na ce su tambayi Glenys, 'yarki, ita ta san gwangwanin biskit ɗin da kike zuba su tare da maɓallai da zare. Ni abin da na sani na daban ne. Na san shekarun da kika yi kina tuƙa motar 'yan makaranta, da yadda kike ajiye burodi da maɗi a ƙarƙashin kujerarki. Ba ki taɓa tambayar yaro ko ya karya ba. Sai ki ce burodin ya yi miki yawa, wa zai taimake ki da shi. Na san shekarar da Wilf mijina ya rasu, kika zo da jakarki kika ce murhun gidanki ya lalace, ki ɗan fake a wajena kwana biyu. Kika yi lokacin sanyi gaba ɗaya a gidana. Da ƙanƙara ta narke na je gidanki na kunna murhun, ya kama tashi ɗaya. Na ce miki maƙaryaciya, kika ce ai shi ma hutu yake so.

Amma abin da nake so a rubuta shi ne labarinki da Baba, don daga ni sai Ambrose muka rage da muka san shi, shi kuma Ambrose ba ya cikin jirgin ƙasan da muka hau a tafiyar da zan ba da labarinta.

Mu mutanen Pinchard Arm ba ma koyon iyo. Kakanninmu a kan teku suka rayu, a kan teku da yawansu suka ƙare, amma ko ɗaya bai iya iyo ba, kuma ba sakaci ba ne, da gangan ne. Baba yakan ce ruwanmu ba ya ba mutum lokacin da ya wuce na shan lofe ɗaya. Yatsu su fara ƙagewa, sai hannu, sai mutum ya daina sanin inda yake. Wanda ya iya iyo, in ji shi, wahalarsa kawai ya tsawaita. Da babban wanmu Hedley ya faɗa ruwa, Baba ya dawo shi kaɗai a jirginsa na kamun kifi, ya ce sanyi ya ɗauke shi. Bai ƙara kalma a kai ba, mu ma ba wanda ya tambaya. Kina shekara shida a lokacin.

Ke kuwa tun kina ƙarama ruwa yake kiranki. Akwai tafkin nan na bayan tudu inda muke wankin barguna da rani. Ina juya baya sai na ji tsulum. Ba wanda ya koya miki, kare kika kalla. Ambrose ya sa miki Agwagwa, sunan ya bi ki har tsufa.

Da gwamnati ta kwashe mu daga Pinchard Arm ta kawo mu Port Garland, ni na shiga kamfanin kifi ina feɗewa, ke aka sa ki makaranta. A nan ne akwai tafkin gini mai rufi, wanda ake kai 'yan makaranta. Baba ya ce ba da 'yarsa ba. Ke kuwa kika je abinki. Ranar farko ya gane, don gashinki warin bilic ɗin da ake zuba wa ruwan tafkin yake yi, har ya fara komawa kore. Ya sunsuna iska a kan tebur, ya dube ki, ya ci gaba da cin dankalinsa. Haka kuka zauna shekara uku: ke kina fita tun da asuba da tawul a ƙarƙashin riga, shi yana yin kamar bai ji ƙarar ƙofa ba. Ni kuwa aikina dafawa, don ci kike yi kamar maza uku. Kifi mai gishiri, dankali, burodi guda sukutum, ki ɗago kai ki ce, “Yaya Dru, ba saura?” In ce miki ko tukunyar zan soya miki.

Mista Gosse, malamin lissafi, shi yake horar da ku. Siririn mutum, kullum da mura. Shi ya fara lura cewa a gajeren tsere ba ki da wani abin a zo a gani, 'yan mata da yawa suna wuce ki. Amma in aka tsawaita, su suna gajiya, ke kamar lokacin kike farkawa. Sai ya sa ki a dogon iyo, na rub da ciki, hannu bayan hannu, mita dubu ɗaya da ɗari biyar. Na taɓa tambayarki me kike tunani duk tsawon lokacin nan kanki a cikin ruwa. Kika ce ba komai, shi ya sa kike son sa. Gidanmu cike yake da shirun Baba, a ruwa ne kawai shirun yake zama naki.

Kina sha biyar Mista Gosse ya zo gida. Na ba shi shayi, Baba yana ɗinkin taru a bakin murhu, ko ɗago kai bai yi ba. Malamin ya yi bayani a hankali: akwai gasar lardi a St. John's, in kin ci, za a kai ki Montreal gasar ƙasa baki ɗaya, amma ba za a ɗauki yarinya mai shekarunki a ƙetare teku da ita ba sai da yardar mahaifinta. Baba ya tambayi tsawon lokacin da kike yi a cikin ruwa a tsere ɗaya. Da ya ji amsar sai ya ajiye allurar.

“Malam, ka taɓa ciro mutum daga ruwa?”

Mista Gosse ya ce bai taɓa ba, amma ruwan tafkin ana ɗumama shi. Ni ma na sa baki na ce gaskiya ne, na taɓa shi da hannuna. Baba ya ce ruwa ruwa ne, shi shekara arba'in yana kansa bai taɓa jin ya yi ɗumi ba, kuma mutanen gari ba abin da ba sa faɗa. Daga nan ya yanke magana. Zai je St. John's ya gani da idonsa. In abin bai kwanta masa ba, an gama, ranar Litinin ki bi ni kamfanin kifi, an ce suna neman hannu. Kin san Baba, in ya faɗa ya faɗa. Kika fito bayan gida kika same ni ina kwashe shanya, kika ce, “Yaya Dru, in aka sa ni feɗe kifi mutuwa zan yi.” Na ce ni da nake yi ban mutu ba, amma a raina na san ba ɗaya muke ba.

Muka hau jirgin ƙasa mu huɗu, da ni da ke da Baba da Mista Gosse. Baba ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci, na ga gefensa ya kumbura. Na ɗaga, sai ga igiya a naɗe, irin wadda yake ajiyewa a gaban jirgi.

“Baba, wannan fa?”

“Igiya.”

“Na ga igiya ce. Ta mece ce?”

“Ta abin da ake yi da igiya.”

Mista Gosse ya ja ni gefe, fuskarsa ta yi fari. Ya ce in wani ya taɓa ki ko ya jefa wani abu a layinki ana cikin tsere, an fitar da ke ke nan, ko kina gaba da kowa. Ya roƙe ni in zauna kusa da Baba in riƙe shi. Na ce Malam, ka taɓa riƙe Babanmu Leander Keeping? Ya ce a'a. Na ce to ni ma haka.

Wurin cike yake da mutane, ga zafi, ga hayaniya tana dukan rufi tana dawowa. Baba ya zauna hularsa a kan gwiwa, gumi yana zubo masa, amma bai cire kwat ba. Ko zafin ɗakin bai sa ya yi tunanin komai ba, don a wajensa ɗaki daban, ruwa daban. Ku shida kuka jeru, ke a tsakiya, layin gefe babu kowa. Aka harba 'yar bindiga, kuka faɗa.

Da farko lafiya lau. Kuna zuwa kuna dawowa, 'yan St. John's biyu suna gabanki, ke kina binsu ba gaggawa, yadda kika saba. Baba ya ciro lofensa ya sa a baki, bai kunna ba. Na san abin da yake yi, auna lokaci yake. Ba tseren yake kallo ba, yatsunki yake kallo duk sanda hannunki ya fito. Can sai na ji yana cewa ƙasa-ƙasa, ya isa, ya isa haka. Na ce Baba ko rabi ba su yi ba. Kuskuren da na yi ke nan na faɗi haka, don ya cire lofen ya sa a aljihu ya miƙe.

Na kama bayan kwat ɗinsa, ya ja ni har ƙasan matakala kamar ba kowa a jikinsa. Wani alƙalin gasa mai fararen kaya ya tare shi yana cewa dattijo ba a shiga nan. Baba bai ture shi ba, ɗauke shi ya yi ya ajiye a gefe, a hankali, kamar yadda ake matsar da kujera. Ya isa bakin tafkin, ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya, ya warware igiyar da hannun dama. Na hango Mista Gosse a ɗaya gefen ya ɗora hannu biyu a ka. Ni kuwa na ce shi ke nan, Verna, ranar Litinin ga ki ga wuƙa.

Ya dafa bakin tafkin da hannun hagu don ya ji daɗin jifa. A daidai lokacin kuka wuce, ruwan da kuka kaɗa ya taso ya wanke masa hannun.

Sai ya tsaya. Ya dubi hannunsa. Ya sake dubansa. Sannan ya tsoma shi a layin gefen nan da babu kowa, har gwiwar hannu, da kwat ɗin cocin da komai. Ya daɗe a haka. Ya juyo ya dube ni, idonsa kamar na yaro.

“Drusilla, wa ya dafa ruwan nan?”

“Ai na gaya maka, Baba.”

“Kin gaya mini.” Ya sake motsa hannun a ciki. “Wannan ko jariri a yi masa wanka da shi.”

Daga nan ya zauna daɓas a kan jiƙaƙƙen daɓen, igiyar a cinyarsa. Alƙalan suka zo su uku, suka dube shi, suka dubi juna, suka ga ba abin da yake taɓawa, suka ƙyale shi. Ni ma na tsuguna kusa da shi. A nan muka ga sauran tseren, ruwa yana fallatso mana. Muka ga kin kamo ta biyu, kin wuce ta kamar tana tsaye. Muka ga kin jera da ta farko, kun yi ta tafiya kafaɗa da kafaɗa, har hannunta ya fara nauyi, naki kuwa yadda ya fara haka yake. Da aka kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe, ke kaɗai ce a gaba, ba kowa kusa. Daga baya kika ce mini duk sanda kika juyo shan iska sai ki ga Baba zaune a ƙasa kamar an ajiye buhun gishiri, har kika yi zaton ko idonki ne ya fara gizo.

Da kika fito, mutane suna tafi, shi bai ce sannu ba. Hannayenki ya kama, ya lanƙwasa yatsunki ɗaya bayan ɗaya, ya taɓa kumatunki da bayan hannunsa. Ya ce ki je ki sa kaya. Batun Montreal ko uffan. Mista Gosse ya so ya tambaya, na taka masa ƙafa.

Washegari muka kamo hanya. Rana ta fito, jirgin yana ta jan jiki cikin daji, Mista Gosse ya yi barci da hankicinsa a hannu. Ke kina zaune ƙuri, ko burodin da na ba ki ba ki ci ba, ranar nan kaɗai na taɓa ganin haka. Baba yana kallon taga. Mun yi nisa sosai kafin ya yi magana, kuma bai juyo ba.

“Hedley bai yi nisa da jirgi ba,” in ji shi. “Bai fi daga nan zuwa ƙofar taragon nan ba. Na jefa igiya, ta gaza kaɗan. Kafin in jawo in sake jefawa, ya tafi.” Ya juya hularsa a kan gwiwa. “Duk shekarun nan ina cewa sanyi ne. Sanyi bai ma samu lokaci ba. Da ya iya jan ruwa sau huɗu irin naki, da ya kama igiyar.”

Ban taɓa jin Baba ya kira sunan Hedley ba tun ranar da ya faɗa ruwa, sai a taragon nan. Ya share fuskarsa da hularsa, sannan ya juyo ya dube ki.

“Ki je Montreal ɗin. In kin dawo, ki sa Ambrose a ruwan nan naku mai ɗumi. Ba zan ɗauke shi a jirgi ba sai ya iya.”

Kika ce to, Baba. Sai kika jawo burodin kika cinye, kika tambaye ni ko akwai saura.

Sauran kowa ya sani. Kin je Montreal kin ci, muka ji a rediyon maƙwabta, Baba yana tsaye a bakin ƙofa wai shi wucewa yake yi. Shekara uku ba yarinyar da ta sha gabanki a dogon iyo a ƙasar nan, har ƙetare aka kai ki, kika dawo kina ba mu labarin abincin da ba ya ƙosarwa. Kina sha takwas kika ajiye, don a wancan zamanin, yarinya in ta gama sakandare ba inda za ta ci gaba. Mutane suna ta cewa kaico, ke kika ce kin yi iyonki kin ƙoshi. Ban taɓa jin kin yi da-na-sani ba, ko sau ɗaya.

Ambrose kika fara koya wa, yana kuka yana zaginki. Daga shi sai 'ya'yan masunta, daga baya su masuntan da kansu, suna zuwa da sassafe a ɓoye cikin dogayen wandunansu na ciki don kada matansu su yi musu dariya. Ba ki taɓa karɓar ko sisinsu ba, sai dai ki buɗe ƙofa ki tarar da kifi a rataye. Ambrose ya yi shekarunsa a teku bai taɓa faɗawa ba, har kullum yana ce miki, “Agwagwa, ɓata mini lokaci kawai kika yi.” Ranar jana'izarki shi ne a gaba wajen ɗaukar akwatin, kuma mazan da suka biyo bayansa sun cika coci har waje, duk ɗalibanki, wasu da furfura fiye da tawa. Baba dai har ya koma ga Allah bai shiga ruwan ba, amma da ya tsufa yakan je ya zauna a benci yana kallon yara, yana gaya wa iyayensu kada su damu, shi ya taɓa da hannunsa.

To, Verna, iyakar abin da zan iya ke nan, numfashi ya fara gaza mini. Kin yi zamanki lafiya da mutane, kin tafi ba ki bar kowa da ciwon rai ba. Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki kurakuranki, ya karɓe ki hannu biyu. Ya sada ki da Inna da ba ki san fuskarta ba, da Baba, da Hedley, da mijinki Clarence da ya riga ki. Ya ba ki hutu mai daɗi a wurinsa.

Glenys da Roland, 'ya'yan Verna kuma 'ya'yana, ina yi muku ta'aziyya, ku da 'ya'yanku. Uwa kuka yi ta gari, Allah ya ba ku haƙurin rashinta, ya haɗa kanku. Ambrose ƙanena, saura ni da kai, ka riƙa leƙo ni. Mutanen Port Garland da duk wanda ya fito daga Pinchard Arm, na gode da zuwanku da abincin da kuka kawo, Allah ya saka da alheri. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, Allah ya sa ta zo da sauƙi irin tata. Amin.